Tsohuwar lasifikar Baba da sabuwar da aka sake ƙerawa

Tambaya: Malam, na gaji lasifika JBL L100 daga mahaifina, soson gabanta ya zube kamar gari. Na ji an sake fito da irinta. In sayar in sayi sabuwa? Daga wani mai karatu a Tahoua.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka sayar. A 1970 ta fara fita, a 2018 kuma kamfanin JBL ya dawo da ita da sunan L100 Classic. Siffar tana nan: akwatin katako, babban baki mai inci 12, da soson nan mai ruwan lemo. Cikin ne ya sauya, don ƙaramin bakin da ke fitar da siririyar murya na ƙarfen titaniyom ne yanzu, sautin ya fi daidaita.

Ni ma ina da tsohuwa a nan Yamai. Ranar da mai gyara ya canza mata kafasito, wato ƙananan kayan cikinta masu riƙe wutar lantarki, da suka bushe, na sa kiɗan gurmi, har shafar yatsa a kan tsirkiya na ji. Zafinmu da hasken rana ne ke cinye soso, saboda haka ka ɗinka mata rufi na yadi, ka janye ta daga taga.