Ana iya kama mutum da laifin kisa ba wanda ya gani da ido?

Malam, ka tambaya ko kotu za ta iya kama ƙanenka da laifin kisan kai alhali ba wanda ya ga abin, sai dai shi aka gani na ƙarshe da mamacin a kan babur. Tana iya, domin kotunan Najeriya suna karɓar alamomin da suka kewaye lamari a matsayin hujja, muddin sun haɗu sun nuna shi kaɗai, ba su bar kafar cewa wani ne ya aikata ba.

Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa masu gabatar da ƙara nauyin tabbatar da laifi har a kawar da shakka mai tushe, kuma zato, komai ƙarfinsa, ba hujja ba ne. Sai dai kotu tana sa ran wanda aka gani na ƙarshe da mamaci ya bayyana inda suka rabu, don haka ku nemo duk wanda ya ga ɗayansu bayan rabuwar, ko da mai shayin bakin tasha ne, tun bai manta ba.

Kada ƙanenka ya dangwala yatsa a takardar bayanin da ba a fassara masa ba. Ku ɗauki lauya kafin a gurfanar da shi a Babbar Kotun Jihar Sakkwato. In babu hali, akwai hukumar gwamnatin tarayya mai ba da lauya kyauta.