Kar ki biya kuɗin haya sai kin kai tef

Wata ƙanwata daga Kano ta rubuto: "Anti, biki saura wata ɗaya, ango ya kama ciki da falo, dillali ya ce uwar ɗakan ƙafa 10 sau 10 ce, gadona kuma 6 sau 6, zai shiga kuwa? Ko bacci bana iya yi."

Kwantar da hankalinki ƙanwata, gado zai shiga. Amma ki lissafa, ya ci ƙafa shida saura huɗu, sif kuma zurfinsa kusan ƙafa biyu ne, kin ga abin da ya rage miki na wucewa ƙafa biyu kacal, ƙofar sif ɗin ma sai da dabara za ta buɗu. Madubi sai dai falo. Kuma wannan in goman ta cika kenan.

Nan ne abin ke ƙona min rai wallahi. Mutum zai zube kuɗin shekara guda har da la'ada saboda bidiyon da dillali ya turo a WhatsApp, ya tsaya a lungu ya ɗauka da kyamarar nan mai buɗe waje, ɗaki kamar akurki ya koma filin idi, ga shi babu kaya ciki, ɗakin da ba kaya ai ko yaushe falkeke ne. Sai ranar jere gwaggonni sun zo da mota cike a fara kwance gado a tsakar gida ana salati. Tef ɗin awo nawa yake? Ko babu, ƙirga tayil, babban nan mai santimita 60 kusan ƙafa biyu ne, in kin ga biyar a jere to goma ce. Ki tura yayanki ya auna tun yau, har faɗin ƙofa.

Wani daga Abuja yana tambayar fulat mai sikwaya mita 90, babba ne? Malam, kamar mita 9 sau 10 ne gidan gaba ɗaya, wajen sikwaya ƙafa 970, tunda kowace ɗaya tana ba da 10.76. Ya ishi ƙaramin iyali, amma ka tambaya ko sun haɗa da baranda a lissafin.

Shi kuma mai cewa fili 50 sau 50 rabin 100 sau 100 ne, haba Alhaji! Kwata ne, 2,500 cikin 10,000. Rabin shi ne 50 sau 100. In kuɗin rabi ka biya, koma wajen dillalin yanzu.