Ma'ajiyar Intanet "Marar Iyaka": Amsa ga Mai Ɗaukar Bidiyon Biki a Gusau

Wani mai shagon ɗaukar hoto da bidiyo a Gusau ya aiko da tambaya. Aikinsa na bukukuwa ne: ɗaurin aure, kamu, suna, walimar sauka, jefi-jefi da taron siyasa. Ya ce faifan ajiyarsa guda uku duk sun cika, ɗaya ma ya fara ƙas-ƙas idan an jona shi da kwamfuta. Burinsa ya kwashe komai ya zuba a ma'ajiyar intanet wadda ba ta da iyaka, ya huta da sayen faifai. Wani kuma ya yi masa tayi a WhatsApp cewa zai buɗe masa Google Drive marar iyaka, biya ɗaya na naira 15,000, shi ke nan har abada. Ya saya ko kada ya saya? In kuma wannan bai yi ba, wane kamfani ne ke bayar da marar iyaka na gaskiya?

Malam, Allah ya ƙara buɗi a sana'a. Kafin mu je ko'ina, faifan nan mai ƙara ya fi komai gaggawa. Faifai in ya fara wannan ƙarar, sallama yake yi. Ka daina aiki a kansa, ka sayi sabo yau ko gobe, ka kwafe abin da ke ciki, ka fara da bukukuwan da ba ka miƙa wa masu su ba. Kada ka jira sai ka gama zaɓen kamfani.

Tayin naira 15,000 kuwa, ka bar wa mai shi kayansa. Google ba ya sayar wa mutum ɗaya wurin ajiya marar iyaka na har abada. Abin da masu irin wannan talla kan yi shi ne su sami shiga asusun wata makaranta ko wani kamfani, su yanka maka gefe a ciki, su karɓi kuɗinka. Mabuɗin yana hannun mai kula da asusun can, wanda ba ka sani ba, shi ma bai san da kai ba. Yana iya buɗe abin da ka zuba, yana iya share shi, kuma ranar da aka gano an yi cinikin asusun, rufewa za a yi da kayanka a ciki. Ba ka da rasit, ba ka da wanda za ka kai wa ƙara. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ko manyan kamfanonin da suka yi alkawarin "marar iyaka" da bakinsu, duba yadda suka ƙare. Microsoft ya sanar da wannan garaɓasa ga masu biyan Office 365 a ƙarshen 2014. Shekara guda kacal, a Nuwamban 2015, ya janye, ya ce wasu mutane sun jibga sama da TB 75 kowannensu (TB ɗaya giga 1,000 ne, wato GB 1,000), ya mayar da kowa TB 1. Amazon ya fito da nasa a 2015 a kan kusan dala 60 a shekara, ya soke shi a 2017, ƙarshe ma ya rufe Amazon Drive ɗungurungum a ƙarshen 2023. Google Photos, wanda da yawanmu muka saba zuba hotuna kyauta ba lissafi, ya daina daga 1 ga Yuni, 2021. Makarantu ma da Google ke ba su marar iyaka, an sa musu ma'auni a 2022, kuma irin asusunsu ne masu tallan WhatsApp suka fi cin kasuwa da shi. Dropbox ya biyo baya a Agustan 2023, ya ce wasu na amfani da damar suna haƙar kuɗin kirifto, wasu kuma suna yanka wurin suna sayarwa.

Dalilin bai da wuyar ganewa ga ɗan kasuwa. Ma'ajiyar intanet sito ne na haya. Akwai gini, akwai faifai dubbai a jere, akwai wutar da ke kunna su dare da rana da na'urar da ke sanyaya su, akwai ma'aikata. Duk bidiyon da ka ɗora yana cin wuri a faifan wani, wannan wanin kuma yana biya kowane wata. Mai sito zai iya cewa kawo ko buhu nawa ne a kan kuɗi ɗaya muddin yawancin masu haya buhu biyu ko uku suke kawowa. Ranar da masu tirela suka gano shi, dole ya sauya magana. Kai kuwa, mai bidiyo, kana cikin masu tirela. Don haka duk inda ka ga an rubuta "marar iyaka", ka san an yi lissafin ne da mai ajiye takardu da 'yan hotunan iyali, ba da irinka ba.

Akwai waɗanda suka rage, kuma ya kamata ka san sharuɗɗansu. Backblaze yana kwafe duk abin da ke kwamfuta guda ɗaya ba tare da ƙayyade yawa ba, a kan kusan dala 100 a shekara, har da faifan da ka jona mata. Amma madubin kwamfutarka ne: abin da ka goge a wurinka, bayan wani wa'adi zai ɓace a wurinsu, faifan waje kuma sai kana jona shi a kai a kai, kada ya wuce kwana 30. Ke nan bai raba ka da sayen faifai ba, ya dai tsare ka daga asara in ɗaya ya mutu. Wasu abokan sana'arka na zuba aiki a Telegram, inda kowane fayil zai iya kai GB 2. Yana da amfani wajen tura wa kwastoma, amma ba a gina shi don adana dukiyar shago ba, kuma asusun da aka daɗe ba a shiga ba yana goge kansa. Wasu na ɓoye bidiyo a YouTube. Shi kuma yana matse hoton ya rage masa kyau, waƙoƙin da ka saka a bidiyon biki kuma na iya sa a toshe shi saboda haƙƙin mallaka.

Yanzu mu zo kan abin da na fi so ka zauna da biro ka lissafa, domin a nan ne mutanenmu suka fi ƙonewa. A ce ma an ba ka wurin kyauta. Da me za ka kai kayan can?

Kamara in tana ɗauka a 4K, a kan megabit 100 a daƙiƙa, awa ɗaya tana cin GB 45. Bikin da ka tara ɗanyen ɗauka na awa huɗu, tsakanin ɗaurin aure da kamu da wuni, ya zama GB 180. Wannan duk data ce za ka saya kafin ya hau, in kuma wata rana kana buƙatarsa, ka sake sayen wata ka sauko da shi. Ka ɗauki farashin da kake sayen giga ɗaya yau ka ninka sau 180, ka ajiye kusa da ribar da bikin ya bar maka. Kada ka manta a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100. Sai lokaci. Layin da ke ɗorawa a kan megabit 5 a daƙiƙa yana buƙatar awa 444 kafin ya kai TB 1, wato sama da kwana 18 ba tsayawa, ba a ɗauke wuta ba, sabis bai yanke ba. Kai ka san ko shagonka zai iya wannan.

Ga kuma abin da mutumin Zamfara ba ya buƙatar a tuna masa. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro. Gusau ta yi makonni ba sabis, wasu ƙananan hukumomi suka fi haka daɗewa, mutane na tafiya har Funtua don su yi kira ko su tura kuɗi. Wanda duk aikinsa ke intanet a lokacin, ko uban amarya ya zo da kuɗi a hannu yana neman kwafin bikin 'yarsa, ba abin da zai iya ba shi. Allah ya kiyaye maimaituwar haka, amma mai shago a nan ba zai tsara sana'arsa kamar abin bai taɓa faruwa ba.

Haka batun dala. Yawancin waɗannan kamfanoni da dala suke lissafi ko da sun nuna maka naira. Kuɗin haya na dala 120 a shekara, a farashin gwamnati na kafin Yunin 2023, lokacin dala na wajen naira 460, bai wuce naira 55,000 da 'yan kai ba. Da dala ta haura 1,500 a farkon 2024, wannan hayar ta koma naira 180,000, alhali ko giga ɗaya ba a ƙara maka ba. Ga wahalar katin naira da bankuna suka daɗe da hana shi biya a waje, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa. In biya ya tsaya, ba nan take za a share kayanka ba, amma za a hana ka ƙara komai, a Google ma har saƙon imel ya daina shigo maka, in abin ya yi nisa kuma suna da damar gogewa.

To me za ka yi? Ka raba kayanka gida biyu, domin ba darajarsu ɗaya ba. Akwai ɗanyen ɗauka, akwai aikin da ka tace ka gama. Ɗanyen shi ne mai nauyi, kuma shi ne ba mai tambayarsa bayan an karɓi aiki. Shi wannan ya zauna a faifai, kwafi biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida, don gobara ko ɓarawo kada su haɗa su a dare ɗaya. Ka manna takarda a bayan kowane faifai da sunan gidan biki da kwanan wata, ka sa shi a jaka mai zif saboda ƙurar hunturu, kada kuma a bar shi a kan tebur da waya na lilo inda yaro zai ja da ƙafa. Faɗuwa ɗaya ta isa.

Gamammen aiki shi zai hau intanet. Bidiyon awa ɗaya da aka fitar a 1080p yana iya tsayawa a wajen GB 5, ka ƙara da zaɓaɓɓun hotuna. Wurin TB 2, irin wanda Google One da Dropbox ke sayarwa, zai ɗauki gamammun bukukuwa kusan 400, amma ɗanye irin wanda muka lissafa 11 kawai zai ci ya cika. Ka ga ashe abin da kake buƙata yana da iyaka, kuma iyakar ba ta fi ƙarfinka ba. Ni a ganina ma kada ka fara da TB 2. Ka ɗauki GB 200, ka biya wata-wata har ka ga yadda datarka da sabis ɗin unguwarku ke ɗauka, sannan ka ƙara. Idan kana amfani da Word da Excel a shago, duba Microsoft 365, domin TB 1 na OneDrive, ma'ajiyar intanet ta Microsoft, na zuwa a cikin kuɗinsa. Takardun shago kuwa, rasit da littafin bashi da jerin kwastomomi, GB 15 da Google ke bayarwa kyauta ya ishe su, sai dai ka sani daga 2024 ajiyar WhatsApp ta wayar Android ma a cikinsa take ci.

Akwai gyaran da ya fi duk wannan kawo kuɗi, kuma a rasit ɗinka yake. Yanzu haka kana yi wa mutane ajiya kyauta shekara da shekaru, kana sayen faifai daga aljihunka, don kawai kada wata rana a zo a ce "Malam, namu ya ɓata" ka ji kunya. Ka rubuta a rasit: ɗanyen ɗauka wata shida ake riƙewa, gamammen aiki shekara ɗaya, wanda ke son a ci gaba da adana masa zai biya kaza a shekara, sake kwafi kuma kaza ne. Ka faɗa da baki ranar karɓar kafin alƙalami, a gaban wanda ya biya. Mutane ba sa jin haushin ƙa'idar da aka gaya musu tun farko. Kuɗin faifai da na haya kuma ka raba su a kan bukukuwan da kake yi a shekara, su shiga farashin aiki kamar yadda kuɗin mai da na yaran kamara ke shiga.

Sai amana, wadda ita ce ta fi damuna a tambayarka. Abin da ke faifanka ba shinkafa ba ce. Matan mutane ne a wurin kamu, cikin kwalliya, suna rawa a tsakaninsu, sun saki jiki saboda an ce kai amintacce ne. Gutsure ɗaya in ya fita ya shiga TikTok, aure na iya mutuwa, shagonka kuma ya mutu tare da shi. Ko ta fuskar hukuma, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane nauyin tsare su. Wannan kaɗai ya isa ya hana ka zuba su a asusun wani baƙo na WhatsApp, ko a manhajojin da ke raba TB guda kyauta suna cika maka fuska da talla.

Asusun ka buɗe shi da kanka, da imel na shago, da layin da aka yi wa rajista da NIN ɗinka. Kada yaron shago ya buɗe maka da lambarsa, domin ranar da kuka rabu da mabuɗin zai tafi. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata lamba kafin a shiga, ka buga lambobin ko-ta-kwana da suke bayarwa a takarda ka ajiye a gida, saboda ranar da waya ta ɓata ko sabis ya ɗauke. In za ka tura wa ango bidiyonsa, ka buɗe wa imel ɗinsa shi kaɗai, kada ka yi mahaɗin da duk wanda ya samu zai iya kallo, kuma ka rufe bayan ya sauke. Sannan duk ƙarshen wata ka zaɓi tsohon biki ɗaya, ka sauko da shi daga intanet, ka kuma buɗe na faifan gida, ka kalli minti biyar na kowanne don ka tabbatar suna buɗewa.