Tambaya da Amsa: Ranar Cikar Wata a Wurin Mabiya Addinin Buddha

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina harkar duwatsu masu daraja, nakan kai kaya Bankok, babban birnin Tailan, bana kuma ina son leƙa Siri Lanka. Abokin cinikina ya ce kada in sa tafiya ranar da wata zai cika a Mayu, don ba zan tarar da kowa a bakin aiki ba. Wata suke bauta wa ne? Me ake yi a ranar? Daga wani ɗan kasuwa a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokinka gaskiya ya faɗa maka. Amma ba wata suke bauta wa ba, da shi suke lissafin ranakun ibada. Ranar da yake nufi ita ce Wesak, mutanen Tailan na ce mata Wisaka Buca. A cikinta suke tuna abubuwa uku na rayuwar Siddhartha Gautama, wanda ake kira Buddha: haihuwarsa a Lumbini ta ƙasar Nefal, da wayewar da suka yi imani ya samu a gindin wata bishiya a Bodh Gaya ta Indiya yana ɗan shekara 35, da rasuwarsa a Kushinagar yana da 80. A Tailan da Siri Lanka an ɗauka duka ukun sun faru ne a cikar watan nan guda. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ranar a 1999.

Jigon ranar kame kai ne da sadaka. Mabiyi na yau da kullum yana riƙe da dokoki biyar: kada ya kashe mai rai, kada ya yi sata, zina, ƙarya, ko shan abin maye. Mai son ƙarin lada sai ya sa fararen kaya tun da sassafe, ya je wurin ibada, ya ɗauki dokoki takwas na yini da dare. A nan ko iyalinsa ba zai kusanta ba. Ba ya cin abinci daga zawali har wayewar gari, sai ruwa da abin sha mara kauri. Ba rawa, ba kiɗa, ba turare ko ado, kuma ba ya kwana kan gado mai tsayi, tabarma ce a ƙasa.

Da safe ake kai wa masu zuhudu abinci, wato waɗanda ka saba gani da askakken kai da mayafi ruwan goro. Dole a miƙa kafin rana ta take tsaka, domin bayan nan dokarsu ta hana su ci. Su kuma sukan taru a cikar wata da ƙarshensa su karanta dokokinsu 227, kuma sai sun kai huɗu ake yin wannan karatun. Da dare a Tailan jama'a kan zagaya ginin ibada sau uku, ginin na hannun damansu, kowa riƙe da kyandir, turaren tsinke uku da fure mai kama da na bado. Zagaye na farko na Buddha ne, na biyu na koyarwarsa, na uku na jama'ar masu zuhudu. A Siri Lanka kuwa ana rataye fitilun takarda a ƙofar gidaje, a kafa rumfuna a bakin hanya ana raba abinci da shayi kyauta ga duk mai wucewa, ba a tambayar addininsa.

Inda baƙi ke shiga matsala shi ne zaton cewa sau ɗaya ake yi a shekara. A Siri Lanka duk cikar wata hutu ne, ana ce masa Poya: banki da ofisoshin gwamnati a rufe, an hana sayar da giya da nama. Na Wesak kwana biyu ne, ranar da washegarinta. Saboda haka duk abin da ya shafi banki ko takardar fitar da kaya ka gama shi kafin ranar. Idan wani sha'ani ya kai ka harabar wurin ibadarsu, cire takalmi da hula, kada ka miƙe ƙafa wajen mutum-mutumin Buddha, kada kuma ka juya masa baya don ɗaukar hoto. Wannan na ƙarshe hukumomin Siri Lanka ba sa wasa da shi. Hukuncin halartar ibadar kanta a Musulunci, wannan sai ka tuntuɓi malaminka.

TAMBAYA: Ina koyarwa a wata sakandare. Ɗalibaina sun tambaye ni: tunda da wata suke lissafi kamar mu, me ya sa bikinsu ba ya zagaya shekara kamar azumi? Daga wata malama a Argungu.

AMSA: Malama, ɗalibanki sun yi tambaya mai kyau. Shekarar Hijira kwana 354 ce, ta gaza ta rana da kusan kwana 11, shi ya sa azumi ke ratsa damina da hunturu da bazara. Su kuma mabiya Buddha duk bayan shekara biyu ko uku sukan ƙara wata guda a kalandarsu don cike giɓin, sai Wesak ta tsaya wajen Mayu. Shekarar da aka yi ƙarin, a Tailan takan kai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, kuma da yake kowace ƙasa da nata lissafin, wani lokaci har wata guda ake samu tsakanin bikin wata ƙasa da na wata. Japan ma ba ta bin cikar wata, ran 8 ga Afrilu take bikin haihuwar Buddha.

Ki ƙara musu da wasu ranaku biyu na Tailan. Maka Buca, wajen Fabrairu, ta taron masu zuhudu 1,250 ce da aka ce sun hallara gaban Buddha ba tare da an kira su ba. Asalha Buca, wajen Yuli, ta wa'azinsa na farko ce ga mutum biyar a Sarnath ta Indiya, kuma washegarinta masu zuhudu ke fara zaman damina na wata uku a wuri guda. In ɗaliban suna son kirdadon ranar biki, su duba 14 ko 15 ga watan Musulunci da ya faɗo a lokacin, sannan su tabbatar a kalandar hutun ƙasar, don akan sami saɓanin kwana ɗaya ko biyu.