Tambaya da Amsa: Neman Aiki a Lambunan Gwamnatin Legas

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne a Agege, na gama sakandare, kuma na iya aikin lambu tun muna gida Arewa. Ta wace hanya zan samu aiki a wuraren shaƙatawa na gwamnatin Legas? Wani ya ce sai na ba da na goro.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ba kowa ko sisi, aikin da aka ce sai ka saya yawanci babu shi. Hukumar LASPARK, wadda aka kafa a 2011, ita ke kula da lambunan jihar, irin su Johnson Jakande Tinubu da Ndubuisi Kanu a Alausa, da Muri Okunola a Victoria Island. Aikin dindindin na gwamnati sai an yi talla, kuma ba kullum ake yi ba. Ƙofar da ta fi kusa da kai ita ce ta 'yan kwangila, domin su ke ɗaukar masu yankan ciyawa da ban ruwa da shara da gadi. Je lambun da sassafe ka tambayi shugaban ma'aikata. Ka riƙe lambar NIN, katin LASRRA na mazauna Legas, hotunan fasfo, da wanda zai tsaya maka. Ku yanke maganar albashi da ranar biya kafin ka taɓa fartanya.

Za a gwada ka, kuma a nan da yawa ke faɗuwa. Ƙaramin injin yankan ciyawa da ake ratayawa a kafaɗa yawanci ba ya shan fetur zalla. Ana gauraya shi da man da aka yi dominsa, galibi mililita 20 a lita ɗaya, amma ka duba abin da aka rubuta a jikin injin. Ka zuba fetur zalla, injin ya ɗau zafi ya cije. Man gaurayawar ya yi yawa, ya riƙa hayaƙi, fulogi ya toshe.

Dashe ma haka. Haƙa rami mai faɗi kamar ninki biyu na ledar shukar, zurfinsa daidai da ita. Yaga ledar ka cire, kada ka binne ta, saiwa za ta nannaɗe a ciki. Wuyan shukar ya tsaya daidai da fuskar ƙasa. Ga wanda ya saba da Arewa, babban haɗari a nan yawan ruwa ne, ba ƙarancinsa ba. A Yuni da Yuli, kwarin da ka yi wa shuka don ya tara ruwa shi zai ruɓar da saiwarta, don haka a wuri mai dausayi tudu ake yi mata.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Idi-Araba. Ina son aikin sa kai a irin waɗannan wurare. Ina zan fara?

Amsa: Malama, Allah Ya yi albarka. Fara da ranar 14 ga Yuli, ranar dashen itatuwa ta jihar Legas, lokacin da ake buƙatar hannu sosai. Sai kuma Lekki Conservation Centre, cibiyar kiyaye daji da namun daji, wadda ƙungiyar kare muhalli ta NCF ta kafa a 1990 a kan hekta 78. Ba ta gwamnati ba ce, amma wurin koyo ne na gaske ga mai karatun tsirrai ko dabbobi. Rubuta musu takarda, ki faɗi karatunki da ranakun da za ki iya zuwa, ki ambaci cewa kina jin Hausa, domin baƙi daga Arewa na zuwa.

Ki sani babu albashi, kuma kuɗin mota daga Idi-Araba zuwa Lekki ba kaɗan ba ne. Gara ki yi alkawarin Asabar biyu a wata ki cika, da ki ce kullum ki kasa. Sa takalmi rufaffe, kada ki ba birai abinci, don da sun saba sai su riƙa fizgar kayan mutane. In kin kammala, ki nemi takardar shaida mai ɗauke da kwanan wata da irin aikin da kika yi, ki haɗa ta da takardunki na neman aiki.