Kwikwiyon da ke sakin fitsari idan maigida ya shigo

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka a kan kwikwiyon da ka sayo don gadi, ɗan wata huɗu, ruwa-biyun Alsatian. Ka ce duk sanda ka dawo daga kasuwa ka kira shi, sai ya taho yana jan ciki, ya kwanta rigingine ya saki fitsari a zaure. Ka yi masa tsawa, ka tsula masa tsumagiya, har ka goga masa hanci a wurin kamar yadda aka ba ka shawara, amma abin sai gaba yake yi. Ka ce kuma ba ya yi wa yara haka, sai kai da ƙanenka. Na ga wasu suna cewa ka mayar wa mai shi, wai matsoracin kare ba ya gadi. Na daɗe ina kiwon karnukan gadi a nan wajen Zariya, kuma abin da zan fara roƙonka shi ne ka ajiye tsumagiyar nan daga yau, domin ita ce take rura wutar.

Karenka ba raina ka ya yi ba, ba kuma ƙazanta ce ta yi masa yawa ba. Miƙa wuya yake yi. Kwikwiyo idan aka haife shi ba ya iya fitsari ko kashi da kansa, sai uwar ta birkice shi ta lashe masa mara, kuma haka ake yi har kusan mako uku. Da wannan kwanciyar yake tasowa, kuma ita yake yi wa duk babban karen da ya fi ƙarfinsa: ya kwantar da kunne, ya cusa bindi tsakanin ƙafafu, ya kau da ido, ya buɗe ciki, wani lokaci ya ɗan tsiyayar da fitsari. Babban karen ya shinshina ya wuce, rigima ta mutu. To kai ne babban a gidan nan. Ka fi yara tsawo, muryarka ta fi tasu kauri, kana shigowa kana kallonsa ido cikin ido, ka sunkuyo a kansa ka miƙo hannu ta sama. A wurin kare duk waɗannan alamun barazana ne, ko da kai gaisuwa kake nufi.

Yanzu duba abin da duka ke yi. Kamar yaro ne ya durƙusa yana gaishe ka sai ka kwaɗa masa mari: gobe idan ya hango ka, tun daga nesa zai zube ƙasa yana kyarma, don a ganinsa ladabin jiya bai isa ba. Kwikwiyon bai san fitsarin ne ya jawo masa bulala ba. Abin da ya fahimta shi ne maigida yana fushi, maganin fushin babba kuwa shi ne a ƙara miƙa wuya. Goga hanci a fitsari kuma, don Allah 'yan uwa mu daina ba juna wannan shawarar. Ba ta koya wa kare komai sai tsoron hannun mutum, kuma kare mai tsoron hannu shi ne wanda wata rana idan aka matsa masa a lungu zai kai cizo.

Akwai wani nau'in da ke kama da wannan, shi ne fitsarin ɗoki. Shi wannan ba ya kwanciya, ba ya maƙale bindi. Tsalle yake yi, yana kaɗa bindi har ƙugunsa na juyawa, fitsarin na ɗiga yana gudu bai ma san yana yi ba. Jijiyar da ke riƙe bakin mafitsara ce ba ta gama ƙwari ba, murna ta zo ta fi ƙarfinta. Yawanci yana wucewa kafin kare ya cika shekara. Naka, bisa yadda ka siffanta shi, na tsoro ne, amma yawancin abin da zan faɗa yana yi wa duka biyun aiki.

Gyaran yana farawa daga yadda kake shiga gida. Idan ka dawo, kada ka kira shi, kada ka kalle shi, kada ka ce masa uffan. Kafe mashin ɗinka, ka gaisa da iyali, ka sha ruwa. Ka bar shi ya gama zumuɗinsa. Ya fi kyau ma wani yaro ya fitar da shi bayan gida ya yi fitsari kafin lokacin dawowarka, don mafitsarar da ba komai a ciki ba ta da abin zubarwa. Bayan kamar minti goma, ka fita tsakar gida inda ƙasa take, ka tsuguna, ka ba shi gefen jikinka, ka dubi wani wuri daban. Kada ka je wurinsa, shi zai zo. Idan ya zo ya shinshina ka, ka sa hannu ta ƙasa ka sosa masa haɓa ko ƙirji, ba tsakiyar kai ba. Murya ƙasa-ƙasa. Da ka ga ya fara lanƙwasa ƙugu zai kwanta, janye hannunka ka tashi a hankali ka bar wurin. Idan kuma ya riga ya saki, ka yi kamar ba ka gani ba, a wanke daga baya. Kada kuma ka shiga lallashinsa a wannan lokacin, shi ma yana ƙara masa.

Akwai wata karya ruwa-biyun Boerboel da aka taɓa kawo mini daga wani gida inda ta taso ɗaure da sarƙa a bayan bandaki, ba mai kula ta sai yaron da ke tura mata kwano da ƙafa. Ko tari na yi sai ta lafe. Idan na doshi kejinta, za ka ga ta manne da bango, tana lasar leɓe, idonta a ƙasa, ga ɗan kududdufi yana taruwa a ƙarƙashinta. Abin da na riƙa yi shi ne in zauna a kan bulo nesa da ita da yamma ina gyaran kayan aikina, in riƙa jefa mata gutsuren dafaffiyar hanta ba tare da na waiga ba. A hankali tazarar ta riƙa raguwa, har ranar da na ji sanyin hancinta a gwiwar hannuna, ƙasa kuma a bushe. Daga nan na koya mata zama: in ɗaga hantar a saman hancinta in ja baya kaɗan, ƙugunta ya sauka ƙasa, in ce "zauna" in ba ta. Wannan kalmar ita ta ƙarasa aikin, domin karen da ya san abin da ake so ya yi idan an shigo ba ya ruɗewa. Ka gwada da nama ko hanta da aka dafa ba yaji. Kada ka ba shi kilishi ko tsire, albasa da tafarnuwa suna lalata wa kare jini.

Ƙanenka da baƙi su ma sai sun bi wannan tsarin, in ba haka ba kana gini ana rushewa. Yara kuma a hana su tsokanarsa da sanda ko jifa. Ka riƙa ba shi abinci da hannunka, ka riƙa fita da shi da igiya idan ya gama alluransa na rigakafi, ya ga mutane, ya ji ƙarar mashin da ta injin niƙa, ya saba. Makonnin farko har zuwa kusan wata uku su ne lokacin da kwikwiyo ya fi saurin sabo da duniya, naka ya ɗan wuce, amma har yanzu ɗanye ne, zai tanƙwaru. Kada ka rage masa ruwa don ka rage fitsarin, musamman a zafin bazara. Wannan cutarwa ce. Ka dai tuna ɗan wata huɗu ba ya riƙe fitsari fiye da kamar awa huɗu, sai a riƙa fitar da shi bayan ya ci, bayan ya tashi daga barci, da bayan wasa.

Amma ka sa ido a kan wasu alamu, don ba kowane yoyon fitsari ne na hali ba. Idan kana samun shimfiɗarsa a jiƙe bayan ya yi barci, ko gashin cinyoyinsa kullum a jiƙe yana zarni, ko yana yawan tsugunawa yana yunƙuri sai ɗigo kaɗan ya fito, ko ka ga jini, ko shan ruwansa ya wuce kima, wannan aikin likitan dabbobi ne. Yana iya zama ƙwayar cuta a mafitsara, ko matsalar ƙoda, ko wata halitta da ake haifar wasu da ita inda bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda bai shiga mafitsara daidai ba, an fi samunta a mata. Karyar da aka cire wa mahaifa ma takan yi yoyo cikin barci idan ta manyanta. Ka kai shi a gwada fitsarin, kada ka sayo maganin mutane a kemis ka ɗura masa. Wanda ke kusa da Zariya akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Sakkwato ma akwai na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Idan ka je ka tabbatar an yi masa allurar haukan kare, daga wata uku ake yin ta.

Batun zaure da ka ce a nan kuke shimfiɗa tabarmar salla, damuwarka daidai ce, fitsarin kare najasa ne. Ka mayar da wurin gaisuwarku can tsakar gida, zauren ya zama ba hurumin kare ba ne. Inda ya riga ya ɓata a kwarara ruwa sosai, a wanke da sabulu, a bi da ruwan khal don kashe warin, saboda hancinsa yana jin abin da naka ba ya ji, kuma wari yana kiransa ya sake. Mai wankewa ya sa safar hannu ko leda, ya wanke hannu bayan ya gama, akwai cutar da ake ɗauka ta fitsarin kare da na ɓera.

Masu cewa ba zai yi gadi ba kuwa, sun yi gaggawar yanke hukunci. Ɗan wata huɗu jariri ne. Alsatian ba ya fara nuna kishin gida sosai sai ya doshi shekara, wani ma sai ya wuce. Karyar nan da na ba ka labari ta girma ta zama wadda baƙo ba ya taka ƙofar gona da dare ba ta tashi unguwa ba, alhali yaran gida suna kwanciya a jikinta. Ka ba naka wata ɗaya cur ba tsawa ba duka, kowa a gidan ya bi tsarin. Idan ya cika shekara yana nan yana yi duk da haka, ko ka ga tsoron ya fara komawa gurnani, sai ka dawo mu sake dubawa, ka kuma ɗauko mana bidiyon yadda yake yi lokacin da kake shigowa.