Yaya, ba korar mu aka yi daga gida ba

Yaya barka da war haka, ya Inna da yara, ya Katsina. Na ga saƙonka a kan hotonmu da ka gani, kana tambaya wai mi ya kai mu daji da kaya niƙi-niƙi a baya, ko kuɗin haya ne ya gagara. Wallahi sai da na yi dariya. Amma ban ga laifinka ba, duk wanda ya san abin da dajin Rugu ya zama a shekarun nan, in ya ji ɗan'uwansa ya shiga daji da ƙafarsa dole hankalinsa ya tashi.

To nan jihar Minnesota ta Amurka abin daban yake. Tun daga Nuwamba har wajen Afrilu ƙanƙara ce ko'ina, daga ɗaki sai mota, daga mota sai wurin aiki, sai mutum ya yi sati rana ba ta taɓa jikinsa ba. Ku can ko ba ka so sai ka taka zuwa masallaci da kasuwa, mu nan tafiyar ƙasa sai an ware mata lokaci. Shi ya sa da sanyi ya ja baya 'yan uwa ke haɗuwa a hau hanyar garin Duluth, a shiga daji a yi tafiyar ƙasa.

Hanyar da ka gani a hoton sunanta Superior Hiking Trail, tsawonta ya kai kilomita 500, ta bi gefen tafkin Superior har iyakar Kanada. Ba duka muke cinyewa ba fa, ɓangaren kogin Manitou muka fi so saboda ba hayaniya. Siririyar hanya ce, an shafa shuɗin fenti a jikin itatuwa don kar a ɓata, sai hawa da gangara da saiwoyi da duwatsu masu santsi, gwiwa tana ji. Ruwan kogin ja ne kamar shayin da ba madara, ganyaye da itacen fadama ne ke rina shi, amma duk da haka ba a sha sai an tace ko an tafasa. Sabis kuwa sai dai a manta, don haka kafin a shiga sai an gaya wa wani a gida inda za a kwana da ranar fitowa.

Ɗan bindiga babu, abin tsoron beya ce, wata baƙar dabba mai ƙarfin tsiya da hancin jin ƙanshi. Ba a kwana da abinci cikin tanti, ko man goge baki ne, a jaka ake zubawa a rataye can saman reshe nesa da makwanci. Mu kuma ga mu da kilishi da yaji, ka ga ai mun fi kowa kiran ta. Kilishin ma a nan muke yi a oben, don ba sa barin a shigo da nama ta filin jirgi. Sai garin kwaki da dabino da ƙuli. Amma gaskiya sauron Yuni da Yuli ya fi beyar fitina, ga kaska mai sa cutar Lyme, shi ya sa ni na fi son Satumba.

Maganar sallah da ka yi, ba a wasa da ita. Ƙasaru muke yi tunda tafiyar ta kai, ruwan alwala ga shi nan a kogi, alƙibla kuma a nan arewa maso gabas take, sabon zuwa har gardama yake yi sai an nuna masa a kamfas. Turawa su wuce mu cikin sahu su ɗan rage murya, ba ruwansu.

Ba kowa ne a cikinmu ke zuwa ba. Akwai dattawan da ke cewa wahalar da suka baro a ƙauye ba za su sa kuɗi su saya ba, su dai a kai su bakin ruwan Gooseberry Falls, wani wurin shaƙatawa, da iyali a gasa nama a dawo da yamma. Ka gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, ba na shiga ni kaɗai, kuma tantin nan na aro ne, gidana na nan.